Mijin Gwaggo

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar shagon nan naku da kuke kira sitidiyo, na ji ɗayanku, mai askin nan kamar zakaran da ya sha kashi, yana cewa goge ai tsirkiya ɗaya ce, in ya sa kansa mako guda ya ishe shi. Ban tanka ba don bakina da goro. Yau na tofar, sai ku jawo bencin ku zauna.

Sunana Sa'idu, a Karare aka haife ni. Amma daga Batsari har Safana in ka ce Sa'idu, sai a ce maka wane daga ciki. Ka ce Mijin Gwaggo, ko yaro zai nuna maka gidana. Gwaggon nan ba mutum ba ce, goge ne, kuma za mu zo kanta.

Aikin farko da maigidana ya ba ni ba kiɗa ba ne. Maigidan nawa Baba Iro ne, mutumin Wagini, gajere, mai siririyar murya da kaifin baki. Na je masa ina saurayi, bayan babana ya ce in na taɓa goge kada in ƙara taɓa akushinsa. Baba Iro ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kana tsoron doki?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To ƙarya ta fari ke nan. Je ka gidan mai gari ka samo mani tsagiya."

Tsagiya ita ce dogon gashin wutsiyar doki. Da ita ake yin tsirkiyar goge, da ita ake yin izgar da ake goga ta. Ba a sayar da ita a kanti. Sai ka je bayan doki da ƙafarka, daidai wurin da shi dokin ya fi ƙin a tsaya masa. Kuma ba kowace wutsiya ba, ta ingarma ake so, don goɗiya tana jiƙa tata da fitsari, gashin ya rube, ya riƙa tsinkewa a tsakiyar biki. Ba wanda ya gaya mani haka. Na je na gaida mai gari, ya ba ni izini, na zaɓi dabbar da na ga ta fi ladabi, na tsefe mata wutsiya, na dawo ina taƙama. Baba Iro ya kai hanci ya shinshina, ya miƙo mani. Ya ce, "Kai wa innarka ta yi shara da shi." Na koma. Ingarman ya tarbe ni da ƙafar baya. Tabon yana nan a cinyata, ba zan nuna maku ba don mata na wucewa.

In ka samo tsagiya, sai ka wanke, ka shanya a inuwa, ka zauna kana zaɓe ɗaya bayan ɗaya, mai ƙulli ka yar, mai kauri ka yar, ka jera su duk kai wuri ɗaya. Sai ƙoƙo. Rabin duma ne, a kankare cikinsa ya yi sumul, a rufe bakinsa da fatar guza, a huda kafa a gefe don murya ta fita, a soka sanda ta ratsa shi. Akwai wani ɗan itace mai ƙafafu da ake ɗorawa kan fatar ya ɗage tsirkiya. Sunansa jaki, kuma halinsa ke nan. In ya ga dama ya tsaya, in bai ga dama ba ya zame kana tsakiyar kirarin ango. Sai ƙaron itacen hano da ake shafa wa izga don ta kama. Ka manta ƙaro, goge ya yi maka kukan ɗan kyanwa a gaban surukan mutane.

Shi kuma goge yana da nasa yanayin. Da damina fata ta saki, murya ta toshe kamar mai mura, sai ka nemi garwashi ka gasa shi a hankali kana juyawa. Da bazara ya ɗaure ya yi tsami. Piyanon nan naku ko ambaliya ake, muddin an kawo wuta zai yi ƙara, kuma an zana maku fari da baƙi inda za ku sa yatsa. Goge ba zane. Tsirkiyar a iska take, da gefen yatsa kake taɓa ta, ka kauce kaɗan duk filin ya ji. Baba Iro bai taɓa yi mani bayani ba. Kalma ɗaya ya sani, "Sake." Na daɗe ina kaɗa masa ƙwarya a baya ina ɗaukar kaya, sai da gemu ya fara fito mani sannan ya bar ni na riƙe goge a gaban mutane.

Mu uku ne muka tsaya a hannunsa har muka zama makaɗa. Akwai ni. Akwai Lawwali ɗan Safana, wanda bai taɓa shiga gidan biki ba tare da ya fara gano inda tukunya take ba. Akwai Buba, Bafulatani daga wata ruga kusa da Babban Duhu, da ya zo da ɗan ƙaramin gogensa na kiwo a cikin jaka. Buba ba ya magana sai ta kama, amma hannunsa sanyi. In ya ja izga, mata kan bar daka su saurara.

Wani biki a Katsina ne ya canza mana sana'a. Gidan wani tsohon ma'aikaci ne, bayan mun ci abinci aka bar mu a falo da talabijin a kunne. Sai ga Turawa huɗu cikin baƙaƙen kaya, kowa a kan kujera, kowa ya rungume wani goge kamar ɗan maraƙi tsakanin gwiwoyinsa. Ba ganga, ba waƙa, ba rawa. Masu kallo kuwa sun yi tsit kamar zaman makoki. Maigidan ya ce sunan abin celo, kuma haka mutanen nan ke yawo ƙasa-ƙasa, ana rububin fayafayansu.

Lawwali ya ce, "Wanda duk ya yi wannan a kasuwar Safana, da ɓawon rake za a raka shi."

Baba Iro bai kula shi ba. Ya ja gindi har gaban talabijin, ya manna kunne. Can ya nuna na ƙarshen layi, wanda nasa ke gurnani ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Wannan shi ya ɗauke su a kai. Sauran duk kwalliya suke yi." A mota muna dawowa yana ta auna girman abin da hannuwansa, mu kuwa muka san wahala ta same mu.

Haɗa Gwaggo ya ci mana rani guda. Baba Iro ya aika ƙasar Zamfara aka kawo masa masaki, irin ƙatuwar ƙwaryar nan da yaro zai zauna ciki ya yi wanka. Guzan da fatarsa za ta rufe bakin wannan ba a halicce shi ba tukuna, sai muka je wurin majemi aka ba mu fatar ɗan maraƙi. Maƙeri ya yi mana ƙafar ƙarfe da za a kafa a ƙasa. Tsirkiya biyu muka yi mata, kowace kaurin igiyar guga, kuma tsagiyar ni aka tura nema, har dawakin yankin suka riƙa juya mani baya da zarar sun hango ni, ba don gaisuwa ba. Ranar da aka gama, Baba Iro ya zauna kan turmi ya ja izga sau ɗaya. Matarsa ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta ɗauka saniyar maƙwabci ce ke naƙuda. Lawwali ya ce wallahi muryar gwaggonsa ce sak, in ta buɗe kwano ta ga nama ɗaya. Sunan ya zauna.

Baba Iro ya miƙo mani izgar. Ya ce, "Hannunka dogo, muryarka ba daɗi. Zauna nan, ka huta da amshi, mu ma mu huta."

Daga nan ya sallami masu ƙwarya, ya ce goge huɗu kawai za mu riƙa fita da su. Shi a gaba yana waƙa, Buba da siririn gogensa yana ba shi amsa, Lawwali a tsakiya yana cike gurbi, ni a ƙasa. To ga abin da ba ku sani ba. Goge ɗaya in ya kauce, a ce salo ne. Goge huɗu in ɗaya ya kauce, kamar an rufe karnuka cikin rumbu. Kafin kowane wasa sai mun zauna muna ja muna sassautawa har muryoyin su kwanta kan juna, in hadari ya taso kuma a sake daga farko. Tunda ba ganga, ni ne ganga. In na yi sauri duk su ruga, in na yi nawa duk su faɗo kaina. Ba mai kallon mai Gwaggo, ba mai yi masa liƙi, amma ran da na yi zazzaɓi suka fita su uku, Lawwali ya ce kamar miya ba gishiri, kowa na ci yana waige.

Wasanmu na farko gayyar noma ce a Wagini. Muka zauna a bakin gona, manoma suka jera da garemani, na ja Gwaggo. Jakin mai gonar ya ɗaga kai ya amsa, kuma bai daina ba har aka tashi. Manoma suka yi dariya har wasu suka zauna a kan kunyoyin gona, amma da suka miƙe sai na ga garma tana sauka daidai da izgata. Kafin la'asar an gama gonar da aka yi zaton sai an kwana biyu. Tun daga ranar ba mu sake neman aiki ba, aiki ke neman mu.

Masu kiranmu iri-iri ne. Manoma suna son abin da zai hana su jin bayansu. Mahauta suna son a zagi abokan hamayyarsu a fakaice, kuma su suka fi kowa ciyar da makaɗi, shi ya sa Lawwali ya haddace sunayen kakanninsu. A rugage, wurin suna ko aure, shanu kan zo su kewaye ni su tsaya suna tuƙa, wani Arɗo ma ya rantse nonon garkensa ya ƙaru bayan mun tafi, ya so ya ajiye ni wata guda. 'Yan siyasa kuwa ba kiɗa suke so ba, sunansu suke son ji a kowane numfashi. Mun taɓa yi wa ɗan takara waƙa da hantsi, muka yi wa abokin karawarsa ita da la'asar, suna kawai muka sauya. Su biyun suka faɗi.

Tafiya da Gwaggo ita ma sana'a ce. Da fari a jaki muke ɗora ta, sai jakin ya gane ita ce mai muryar nan, ya ƙi. Muka koma babur. Ni a baya, ita a tsakiya na lulluɓe ta da zane saboda rana, wuyanta ya zarce kaina. Mutanen hanya suka riƙa tsayawa suna cewa, "Allah ya ba ta lafiya," sun ɗauka tsohuwa za mu kai asibiti. Wata rana a tashar Batsari wani ya tambaya wace ce, Lawwali ya ce, "Gwaggo ce, ga mijinta nan." Kun ji inda sunana ya fito. Kafar gefenta kuma hannu na shiga, sai ta zama mana jaka. Hula, carbi, ƙunshin ƙaro, kilishin Lawwali, duk a cikinta.

Kaset ɗinmu na farko a Katsina muka yi shi, a wani ɗaki da aka manna wa katifu a bango. Ku yanzu kowa ya yi nasa daban ku haɗa a kwamfuta, in mutum ya yi kuskure ku goge masa. Mu makirfo ɗaya aka kafa a tsakiya, wanda ya kauce a ƙarshen waƙa ya jawo wa kowa komawa farko. Mai ɗaukar ya kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, ya rufe ƙofa. Gumi ya jiƙa mu, tururinsa ya sassauta fatun, sai mu fita waje mu shanya goguna a rana mu dawo. Gwaggo kuwa duk lokacin da na ja ta sai allurar na'urarsa ta buga ƙarshe. Ya matsar da ni baya, ya ƙara matsarwa, har na ƙare a bakin ƙofar banɗaki. Duk kiɗan Gwaggo da kuka ji a kaset ɗin nan, daga nan ya fito.

A ciki akwai "Tashi Ka Yi Huɗa," ta manoma, da "Nagge Ta Ɓata," wadda Buba ya kawo daga kiɗan kiwo, da "Surukin Safana," kan wani da ya je gaisuwa ya zauna har kaka. A tsakiyar "Surukin Safana" gyaɗa ta sarƙe Lawwali, ya yi tari sau biyu. Baba Iro ya ce ba zai sake shiga tukunyar nan ba ko za a yanka shi, a bar tarin. Kaset ya fita, ya shiga kowace mota da kowane teburin mai shayi. Sai muka je biki a Safana muka yi waƙar lafiya lau, wani tsoho ya taso ya ce mun rage wani abu, ba haka take a kaset ba. Tun daga ranar, duk inda muka yi "Surukin Safana," in an zo wurin sai Lawwali ya yi tari sau biyu, jama'a su yi tafi. Mun yi wasu kaset ɗin bayan wannan, har zamani ya koma na faifai, ya koma na waya, amma ba abin da ya yi suna kamar tarin Lawwali.

Shekarar da ta karya mu kun san ta, kuna yara amma kun kwana a daji tare da iyayenku. Ɓarayin daji suka hana noma, suka hana hanya. Aure ya koma na mutum goma da safe, a shafa fatiha kowa ya watse, wa zai kira makaɗi ya sanar da duniya yana da abin biki. Masu dawaki suka sayar ko aka ƙwace, tsagiya ta yi wuya, har na ga Lawwali yana gwada zaren buhu. Buba ya fi mu shan ta. Ɓarayin suka kore shanun gidansu kaf, sannan in ya shigo gari a riƙa kallonsa kamar shi ya kore su. Wasu masu biki suka fara cewa mu zo amma mu bar Bafulatanin a gida. Baba Iro yakan ce, "To ku nemi masu piyano," ya juya.

Cikin wannan hali wani mahauci ya kira mu suna, ya ce shi sai an yi masa kiɗa ko sama za ta faɗo. Muka tashi da hantsi a babura biyu. A bakin wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, muka tarar an gitta itace a hanya, 'yan sa kai sun tsaya da bindigoginsu na gida. Babbansu wani dogo ne mai layu a damtse. Daga baya na ji cewa a makon nan aka kashe masa ƙane a gona. Bai amsa sallamarmu ba. Ya nuna Buba da baki.

"Wannan fa?"

Baba Iro ya ce, "Makaɗina ne."

"Ban tambaye ka sana'arsa ba, Baba."

Suka sauke Buba, suka karɓe wayarsa da takalmansa, suka zaunar da shi can gefe a gindin wata bishiya. A shekarar nan, wanda aka zaunar gefe ba kullum yake komawa gida ba. Sai ɗayansu ya yaye zanen Gwaggo, ya girgiza ta, ya ji abu na motsi a ciki. Na ce ga kafa nan a sa hannu. Bai saurare ni ba, ya zaro wuƙa ya tsarge fatar daga sama har ƙasa. Abin da ya zubo, hulata, da carbi, da ƙaro, da kilishin Lawwali. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ɗauki kilishin ya ci.

Dogon ya ce, "Ku uku ku wuce."

Baba Iro ya sauka daga babur. Ya shimfiɗa buzunsa a tsakiyar hanya, ya zauna, ya fiddo gogensa, ya tsinci ƙaron daga ƙasa ya fara shafa wa izga kamar yana ƙofar gidansa.

"Baba, me kake yi haka?"

"Mu huɗu aka kira. Ba zan je in yi wa mutane kiɗan mutum uku ba. Zan jira shi."

"Za ka daɗe kuwa."

"Ba ni da wata gona."

Ya ja izga. Ya dubi Lawwali, Lawwali ya zauna ya fiddo nasa, karo na farko da na ga an ci masa abinci bai yi magana ba. Ni na rungume Gwaggo da yagaggiyar fatarta na tsaya. Baba Iro bai roƙi kowa ba, bai yi wa dogon kirari ba. Asalin Buba ya shiga jerowa cikin waƙa: ɗan wane, jikan wane, wanda shanun kakansa suka yi shekaru suna kwana a gonakin ƙauyen nan bayan girbi suna zuba taki. Daga nan ya juya kan masu bindigogin. Ya san iyayen mafi yawansu, shi ya yi kiɗan aurensu. Ya riƙa kiran sunan uban kowa da na uwarsa, da wanda ya yi rawa ranar har wandonsa ya yage. Wani daga cikinsu ya yi dariya, ya yi sauri ya haɗiye.

Muryar goge tana tafiya nesa, kuma ƙauyen ya daɗe bai ji ta ba. Yara suka fara fitowa, sai tsofaffi, sai mata daga bakin danga. Wata tsohuwa da sanda ta ratsa ta tsakiyar masu bindiga kamar ba ta gan su ba, ta je ta leƙa fuskar Buba. Ta ce, "Wannan ba ɗan Dije mai nono ba ne? Wa ya cire masa takalmi?" Aka kira mai unguwa, ya zo yana gyara hula, suka koma gefe da dogon suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Baba Iro bai tsaya ba, da ya ƙare sunaye ya koma farko.

Rana ta take tsaka sannan dogon ya dawo. Ya jefa wa Buba takalmansa. Ya ce, "Yau ka ci albarkacin tsohon nan. Kada in sake ganin ka a hanyar nan." Wayar ba su mayar ba. Baba Iro ya kaɗe buzunsa, ya yi wa tsohuwar godiya, ya ce mu hau. Mun isa gidan mahaucin an kusa tashi. Na kifa Gwaggo na kaɗa bayanta da zobba kamar ƙwarya. Buba ya yi kiɗansa bai kauce ko sau ɗaya ba, sai dai da aka kawo nama bai ci ba.

Bayan sati biyu ya zo ya ce danginsa sun yanke shawarar ƙaura zuwa ƙasar Bauchi, kuma shi ne babba, dole ya bi su. Baba Iro ya ce to. Ya ce amma akwai wani sabon kiɗa da muke ta gwadawa ba mu ɗauka ba, ba za a tafi da shi a ciki ba. Na nemi fatar maraƙi na rasa, na rufe Gwaggo da ta bunsuru, muryarta ta ɗan sirance kamar ta yi jinya. Muka zauna gindin tsamiyar gidan Baba Iro da la'asar, mai cajin waya na unguwar ya ɗora wayarsa kan turmi ya danna. Ba waƙa a ciki, goge ne zalla. Baba Iro ya ja baya ya bar wa Buba gaba, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Sau ɗaya muka yi, ba wanda ya ce a sake.

Washegari muka raka Buba bakin titi. An loda tabarmi da ƙore da 'yan awaki a bayan wata babbar mota, mata da yara sun hau sama. Buba ya durƙusa ya gaida Baba Iro, ya ce a yafe masa. Baba Iro ya ciro ƙunshin tsagiya daga aljihu, ta ƙarshe da ta rage mana, ya tura masa a jaka. Ya ce, "Kiɗan jiya, wurin da Gwaggo ke sauka kai ka shigo, ka yi gaggawa. Ka gyara can inda za ka, kada ka ba ni kunya."

Buba ya ce, "To, Baba." Ya yi dariya, ya kama ƙarfe ya hau.

Ba mu sake zama mu huɗu ba. Baba Iro bai daɗe ba ya rasu a ɗakinsa, Allah ya jiƙansa. Lawwali yana nan Safana yana sayar da tsire, yana cinye ribar. Buba kan kira ni da salla. Kiɗan tsamiyar nan kuwa ya bi wayoyi, na ji shi har a wayar ɗayanku rannan, ya ce wai daga ƙasar Mali aka turo. Ku nemo shi ku sa a manyan lasifikokin nan naku, ku saurari wurin da Gwaggo ke sauka, siririn goge ya shigo. Ni na saurara har na gaji. Daidai ya shigo.